Turanci ta Bayan Asabari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In zai kira ni "kai" yake cewa, in kuma zai yi maganata da wani sai ya ce "yaron nan". Gaisuwar safe a tsugune nake yin ta, idona a kan takalminsa, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefen, in tashi in ba shi wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a Wudil ta wancan lokaci ba wanda zai ga abin mamaki a ciki. Ƙannena suna hawa cinyarsa har su ja masa gemu. Ni kuwa da za a tsare ni a ce in faɗi yadda haƙoransa suke, da sai dai in yi ƙarya.

Shi ma haka yake da tasa uwar, domin shi ne nata na fari. Kakata ba ta kama sunansa, "mai ɗakin can" take ce masa, in ya zo gaishe ta kuma bango take kallo. Mu uku ke nan a gida ɗaya a Sabon Gari, kowa yana son kowa, amma in an cire gaisuwa ni da ita kaɗai muke iya buɗe baki mu yi hira. Tsakanina da ita kam ba shamaki. Ita ta ce mini mijinta, ragon miji wanda bai san hanyar kasuwa ba, ni kuma in ce mata tsohuwa mai cin goro da magogi, mu yi ta yi har a kira salla.

Baba malamin dabbobi ne, aikinsa allurar shanu. Ran Juma'a yana kara, inda ake cinikin shanu, sauran ranaku kuma yana bin rugagen Fulani ta wajen Darki da Indabo a kan babur ɗin gwamnati, da akwatin magani ɗaure a baya. Elementare kawai ya yi, tun zamanin En'e aka ɗauke shi, a hannu ya koyi aikin. Yana karanta Turanci, yana rubuta rahoton wata da shi a hankali, harafi bayan harafi, amma ban taɓa jin ya furta shi ba. Ba wanda ya taɓa neman hakan a wurinsa. Makiyaya Hausa da Fillanci suke ji, shanu kuma ba ruwansu.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasar. Manyan motoci ɗauke da siminti suka riƙa tsallake gadar Wudil ba ƙaƙƙautawa, kowane mai shayi ya sayi rediyo, ofisoshi suka cika da samari masu takardar shaida da ƙaton wando. A cikin wannan hayaniya aka ce duk ma'aikatan da aka gada daga En'e waɗanda ba su da takarda sai sun je Kano sun zauna gaban kwamiti, a yi musu tambayoyi da Turanci, baki da baki. Wanda ya ci a tura shi kwas ya dawo da ƙarin girma, wanda ya faɗi a sallame shi. Baba ya gaya wa ƙanwarsa da ta zo cin kasuwa daga Indabo, ita ta gaya wa Kaka, Kaka ta gaya mini. Haka magana take tafiya a gidanmu.

Ni a lokacin ina kwalejin horon malamai, na zo dogon hutun damina, kuma duk gidan ni kaɗai nake da Turancin da za a kira Turanci. Shi ma ɗin kada a tona. Shekarar farko wani mutumin Gana ne ya koyar da mu, muka kwashi lafazinsa kaf. Da ya tafi aka kawo wani Ba'indiye, ya ce duk abin da muke faɗa ba daidai ba ne, muka sake sabon baki. In na kunna rediyo kuma in ji mai karanta labarai yana wani na uku daban. Kalma ɗaya sai in riƙe ta ta hanya uku, ban san wacce ce ta gaskiya ba, sai dai in zaɓi wadda ta fi daɗi a kunnena. Da wannan jarin ake so a ceci aikin da Baba ya yi fiye da shekaruna yana yi.

Kuma ta yaya? Shi ba zai iya cewa in koya masa ba. Ni ba zan iya cewa zan koya masa ba. Ko da an samu mai ƙarfin halin da zai zaunar da mu a tabarma ɗaya, da wane bakin zan ce wa mahaifina "ba haka ba ne, sake"? Na kwana biyu ina juya abin a raina, ina jin haushin kwamitin, ina jin haushin kaina, har da shi Baban da bai yi mini komai ba.

Wata rana bayan la'asar Kaka ta kira ni.

"Mijina, zo nan. Turanci nake so ka koya mini."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Tsohuwa, Bature kika samu za ki sake ni?"

"In na samu ai ka huta. Ɗauko mini tabarmata."

Na ɗauko zan shimfiɗa mata a gindin darbejiya inda ta saba zama tana kaɗi, ta ce a'a. Ta nuna mini wani wuri da ba inuwa ba iska, dab da ƙofar ɗakin Baba, inda asabarinsa yake a sake. Na duba na ga takalminsa a bakin ƙofa. Mutumin da kullum in ya yi la'asar sai majalisar ƙofar masallaci, ba ya dawowa sai bayan magariba, yau yana ɗaki. Sai na daina dariya.

"Ka ɗaga murya," in ji ta, "ka san kunnena ya yi nauyi."

Kunnen Kaka kuwa ko kaza ce ta taka garin da ta shanya a bayan ɗaki sai ta ji.

Haka muka fara. Ni in faɗi kalma, ita ta maimaita, sai ta tsaya ta ɗauki mazarinta tana murzawa kamar tana hutawa. Kwanakin farko ba abin da ke fitowa daga ɗakin sai tari jifa-jifa. Daga baya, a cikin wannan ɗan shirun da take bari, na fara jin wata murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai lazimi, tana bin abin da muka faɗa. Ranar da na fara jin ta sai na rasa kalmar da ke biye. Kaka ta zungure ni da mazari ta ce, "Malamin banza, ci gaba mana."

Ita ce ta ƙirƙiro yadda za a yi gyara, ban koya mata ba. Tabarmarta ta fi kusa da ƙofar, tana jin sa fiye da ni. In ya faɗi abu ta ga na ɓata fuska, sai ta sake faɗin kalmar daidai yadda ya faɗe ta, da kuskuren da komai, ko da kuwa da farko ita ta faɗa daidai. Ni kuma in hau ta da faɗa.

"Haba tsohuwa! Sau nawa zan gaya miki? Ba a sa wasali a tsakani, haɗe su za ki yi. Sake!"

"To, sannu Bature. Faɗa mini a hankali."

In faɗa a hankali, ta bi, ta yi shiru, muryar ta bi. Wani lokaci sai mun yi haka sau da yawa a kan kalma guda. Duk zagin da ya kamata malami ya yi wa ɗalibi, Kaka ta shanye shi a madadin ɗanta, tana ramawa da nata. Ta ce mini mai kan kwakwa, ta ce kuɗin makarantata asara ne. Mutanen gida suna wucewa suna dariya, ƙannena suna kwaikwayonta, kowa ya ɗauka, ko ya nuna ya ɗauka, rigimar tsufa ce ta motsa mata.

Akwai harafin nan "pa" da mu Kanawa muke haɗa shi da "fa" mu yi musu kuɗin goro, alhali a wurin Turawa biyu ne: ɗaya a rufe leɓe a sake shi da iska, ɗaya a ɗora haƙori a kan leɓen ƙasa a hura. Malaminmu Ba'indiye da 'yar takarda yake nuna mana, ya riƙe ta gaban baki, in ka faɗa daidai ta motsa. Ni sai na tsinko audugar kaɗin Kaka na riƙe mata gaban baki.

"Me ka ce in yi da audugar?" ta tambaya da ƙarfi, tana kallon asabari ta wutsiyar ido. "In riƙe ta nesa da baki kamar yaya? Kamar faɗin yatsa biyu? In ta tashi na yi daidai ke nan?"

Washegari da na zo gaishe shi na ga ɗan guntun auduga a kan tabarmar sallarsa. Na yi kamar ban gani ba, amma ranar da ƙyar na ci abinci.

Nahawu kuwa nan ne na san ni ma ɗan koyo ne. Baba in rubutu ne ya san yadda ake nuna abin da ya wuce, amma in magana ce komai a yau yake barin sa, jiya da bara duk ɗaya. Kaka ta kwaikwayo shi, na yi mata faɗa, na ce in abu ya wuce ana sa wa kalmar wutsiya. Ta sa wa kowace kalma wutsiya. Na ce a'a, wasu ba a sa musu, kama suke sauyawa gaba ɗaya.

"Ta yaya zan gane masu wutsiya da masu sauya kama?"

"Haddacewa ake yi."

"Dalili fa?"

"Haka aka same su."

"Ashe su ma masu yaren ba su sani ba," in ji ta. Daga cikin ɗaki na ji wani ɗan sauti, ban sani ba ko tari ne ko dariya ce. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan kalmomi da ake sa wa a gaban suna, waɗanda mu ba mu da irinsu. Ta tambaye ni yaushe ake sa wannan, yaushe ake sa waccan, na yi ta kame-kame har na ji kunyar kaina. A ƙarshe na ce ta riƙa sa wadda ta zo mata, Allah ya sa a dace.

Wani abokin aikin Baba, wanda shi ma za su je tare, ya samo irin tambayoyin da aka yi wa waɗanda suka riga su shiga. Ta hannun Kaka suka iso ni, kamar komai. Sunanka, garinku, tun yaushe kake aiki, alamomin bushiya da na ciwon huhu a jikin saniya, abin da za ka yi in makiyayi ya hana a yi wa shanunsa allura. Na nemo kalmomin cututtukan a ƙamus, na ga yadda aka rubuta su, amma ban taɓa jin wani mahaluki ya furta su ba. Na yi musu lafazin da na ga dama na koya wa Kaka da cikakken ƙarfin gwiwa, kamar na sani. Na zama kwamiti, ita ta zama malamin dabbobi. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sirinji ba ta iya faɗa da Turanci cewa ta daɗe tana yi wa shanu allura a ƙasar Wudil.

Tambayar farko ce kawai ta gagare mu. In na tambaye ta sunanta, ai ba nata ake so ba, nasa ake so, ita kuwa ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Ni ma ba zan faɗa ba, wane ni. Sai ta riƙa faɗin farkon amsar, daidai "sunana", ta ja bakinta ta yi shiru. Daga bayan asabari sai muryar ta cike gurbin, ta faɗi sunan, da na mahaifinsa. Nan ne kaɗai a duk darasin yake magana ba bin bayan kowa ba. Kullum da wannan muke buɗewa, kuma kullum in ya faɗa sai in ga Kaka ta sunkuyar da kai tana gyara zaren da bai kwance ba.

Amma akwai abin da kunne ba ya koyarwa. Sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora, wanda yake farkon kalmar godiyarsu, ya ƙi Baba ƙememe. Na yi bayani har na gaji. Kaka ta ce, "Ka ce in sa harshe tsakanin haƙora, waɗanne haƙoran? Waɗanda na bari a Indabo?" Da na nuna mata da bakina ta riƙe haɓa. "Wannan wane irin yare ne, sai ka yi wa mutum gwalo kafin ka gode masa?" Muka yi dariya, amma muryar ɗaki ta ci gaba da faɗinsa yadda ta saba, domin abin na gani ne, shi kuwa ba ya ganina.

Rannan ina cikin nuna mata, harshena a waje, sai asabari ya ɗaga. Baba ya fito da buta a hannu kamar zai zagaya. Bai bi hanyar da ya saba ba, ya biyo ta gabanmu, ya rage tafiya, na ga ya ɗan juyo da kai yana duban bakina. Wallahi ban san lokacin da na mayar da harshen na rufe baki na sunkuya ba. Jikina ne ya yi, ban shawarce shi ba. Shekara goma sha wani abu ana koya wa jikin nan abin da zai yi in mutumin nan ya tunkaro, ba zai manta a rana ɗaya ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Kaka ta dube ni kawai, ranar ko zagi ban samu ba. Bai sake fitowa a lokacin darasi ba.

Wani abin kuma ya fi wannan damuna. Malaminmu kullum yana cewa in kana Turanci ka ɗaga kai, ka dubi mutum a ido, ka buɗe murya, in ba haka ba ko daidai ka faɗa ba za a saurare ka ba. Na gaya wa Kaka haka da ƙarfi, na maimaita. Ta miƙe wuya ta zare mini ido ta kwarara amsa har awakin maƙwabta suka firgita. Muryar ɗaki kuwa tana nan yadda take, ƙasa-ƙasa, domin in ta ɗaga, gida zai ji, in gida ya ji kuma asirin da muke rufawa ya tonu. Ran da aka yi ruwa, yayyafi kawai a kan kwano ya isa ya shanye ta. Na san wannan ba zai kai shi ba. Na sani sarai, kamar yadda na san sunana.

Ana saura 'yan kwanaki ya tafi Kano na ce yau sai na yi magana. Na shirya abin da zan faɗa tun a masallaci: Baba, ka bari in yi maka tambayoyin nan ido da ido, ko sau ɗaya. Na je ƙofar ɗakin na yi sallama, na tsuguna. Yana zaune a bakin gado da carbi.

"Lafiya?" ya ce, yana kallon taga.

Na buɗe baki. Na ga ƙafafunsa, duk kaushi, da tabon inda wani bijimi ya taɓa taka shi. Na ji shi ma ya daina jan carbin, yana jira, kuma har yau ina zaton ya san abin da ya kawo ni, yana so in faɗa, yana tsoron in faɗa.

"Tayar babur ce ta baya na ga kamar ta yi ƙasa."

"To. A duba."

Na tashi na je na duba tayar da ba abin da ya same ta, ina buga mata famfo ina hawaye don haushi. Da na gaya wa Kaka, na ce ko ita za ta yi masa magana, sai ta ce, "Ni? Ni da ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba tun da aka yaye shi?" Can ta ce, "Mu dai yi abin da za mu iya."

Ranar tafiya ya sa farar riga da hula sabuwa, ya tsuguna ƙofar ɗakinta.

"Inna, zan tafi."

"Allah ya ba da sa'a. Allah ya buɗe baki," ta ce da bango.

Ni ina tsaye a zaure ya wuce ni, ya ce da iska, "A kula da gida." Ya nufi tasha da ƙafa, shi da abokinsa. Yinin ranar Kaka ba ta yi kaɗi ba, ba ta tsokane ni ba. Duk motar da ta yi ƙara a kan gada sai ta ɗaga kai.

Kafin magariba ya dawo. Ya yi sallama, ya gaishe ta, ta ce an dawo lafiya, ya ce lafiya lau, ya shige ɗaki ya saki asabari. Tuwon da aka kai masa haka aka fito da shi. Ba wanda ya tambaya, ba wanda aka gaya wa, amma har ƙannena ranar ba su yi faɗa ba.

Washegari da hantsi, Baba ya fita, abokin nasa ya zo gaishe da Kaka. Shi ya ci, kuma kana ganinsa ka san kunyar cin yake ji. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, ni ina gefe, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, sai haƙuri." Ya ce yana kan benci a waje, taga a buɗe, ya ji komai kuma ya hango. Da aka tambayi Baba sunansa ya amsa. Aka yi ta biyu ya amsa, kuma shi a jinsa daidai ya amsa, har ya yi mamakin inda ya samo wannan Turanci. Sai dai kansa a ƙasa yake, muryar kuma ba ta ƙetare teburin ba, ga fanka tana ta kaɗawa a sama. Wani matashi a cikin 'yan kwamitin, wanda a haife Baba ya haife shi, ya ƙwanƙwasa tebur da biro ya ce ya ɗago kai ya buɗe murya, da su yake magana ba da siminti ba.

"Ya ɗago, Inna. Da ya ga duk sun zuba wa bakinsa ido, shi ke nan. Aka sake tambaya, shiru. Ya fara da Hausa, aka ce da Turanci. Ya zauna kawai yana kallonsu. Can suka ce ya je."

Da yamma aka fito aka kira sunayen waɗanda za su kwas, ba nasa. Sauran aka ce su miƙa kayan gwamnati a ƙarshen wata.

Kaka ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ta yi masa godiya, ta sa aka ba shi goro. Ni ko sallama ban iya yi masa ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, duk damina mun zauna mun koya wa mutumin nan yadda zai yi Turanci da asabari, kuma ya koya, ya iya. Ba mu taɓa ba shi fuska ko ɗaya ya gwada a kanta ba. Na rasa wanda zan tuhuma. Na so in tsani yaron nan mai biro, amma abin da ya faɗa shi ne abin da na je ƙofar ɗaki in faɗa na dawo da zancen taya.

Bayan la'asar ina kwance a zaure na ji muryarta.

"Mijina! Ina tabarmata?"

Na shigo na same ta tsaye da mazari a hannu, a wurin nan da ba inuwa. Takalmin Baba yana bakin ƙofa, asabari a sake. Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya.

"Tsohuwa, ai an gama."

"An gama me? Ni na ce maka na ƙoshi?" Ta faɗi wannan da ƙarfi. Sannan ta kamo hannuna ta jawo ni, ta yi magana a kunnena. "In muka bari yau, har kajin gidan nan sai sun san don wa muke yi. Shimfiɗa."

Na shimfiɗa. Haka muka ci gaba kullum har hutu ya ƙare, har bayan an zo an tafi da babur da akwatin magani, ya zamana ran Juma'a ma yana gida. Ina tambaya tana amsawa, ina yi mata faɗa a kan kuskuren da yanzu nata ne na kanta, tana ce mini mai kan kwakwa, ƙannena suna dariya. Tambayar aiki dai na daina yin ta, ita ma ba ta taɓa cewa na tsallake ba.

Amma ta farko ba yadda za a yi a tsallake ta, da ita muke buɗewa, kowa a gidan ya san haka. A ranar farko da muka koma darasi na daɗe ina gyara zama kafin in yi ta. Na tambaye ta sunanta. Ta faɗi rabin amsar da lafazi mai kyau, wanda ya fi na kullum, ta ja bakinta ta yi shiru, ta ɗauki mazari. Muka jira. Ina jin motsinsa a kan gado, ina jin ƙwayoyin carbi suna haɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Zaren ya tsinke a hannunta, ba ta ƙulla ba. Mu biyu muna zaune a rana, duk mun san sunan, ba mai iya faɗa.

Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Yi ta gaba."